Bulokcen da gyaran gine-gine: Ko kundin da ba ya goguwa zai iya ceton rayuka?

Da misalin ƙarfe ɗaya saura 'yan mintoci na daren ranar 14 ga watan Yunin 2017 ne wuta ta tashi daga wani firij a hawa na huɗu na benen Grenfell da ke yammacin birnin Landan.

Cikin kimanin rabin sa'a wutar ta bi ta bangon waje ta kai ƙololuwar ginin mai hawa 24. Mutane 72 ne suka rasa rayukansu sakamakon wannan gobara, wadda ita ce mafi muni da aka gani a wani gidan zama a Birtaniya tun bayan yaƙin duniya na biyu.

Abin da ya ruruta wutar shi ne fallayen alminiyam masu roba a tsakiya, waɗanda aka lulluɓe ginin da su lokacin da aka yi masa kwaskwarima a 2015 da 2016.

To amma da masu bincike suka shiga tonon silili, sai suka tarar da wata matsalar ta dabam wadda ba ta da hayaƙi, ba ta kuma fita a hoto. Ita ce matsalar takardu.

Wane ne ya zaɓi waɗannan fallaye? Wane ne ya amince a sauya su da waɗanda aka tsara tun farko? Yaushe aka duba ƙofofin da ke tare wuta a karo na ƙarshe, kuma me aka gani? An shafe shekaru ana tattaro wasiƙun imel da rasit da rahotanni daga hannun kamfanoni daban-daban kafin a amsa tambayoyin da ya kamata a ce littafi guda ya amsa su cikin yini ɗaya.

Wannan ne ya sa wasu injiniyoyi da masu bincike a jami'o'i suka fara tambayar ko fasahar nan ta bulokcen, wadda aka fi saninta da kuɗin intanet na Bitcoin, za ta iya riƙe tarihin gyare-gyaren gini ta yadda babu mai iya gogewa ko sauya shi a ɓoye.

Zaren zinare

Bayan gobarar, gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa wata injiniya, Dame Judith Hackitt, alhakin nazarin dokokin gini da na kariya daga gobara. Ta miƙa rahotonta a watan Mayun 2018.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ta gano shi ne cewa bayanan gini kan ɓace a hanya. Mai zane ya miƙa wa ɗan kwangila, ɗan kwangila ya sauya wasu abubuwa ba tare da ya rubuta ba, daga nan a miƙa wa mai kula da gini wasu fayiloli da ba su cika ba, shi kuma bayan wasu shekaru a maye gurbinsa da wani kamfanin.

Ta ba da shawarar a samar da abin da ta kira zaren zinare, wato jerin bayanai guda da zai bi gini tun daga ranar da aka zana shi har ranar da za a rushe shi.

Abubuwan da kwamitin binciken gobarar, ƙarƙashin tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick, ya bankaɗo sun nuna dalilin hakan.

Na'urorin da ke sa ƙofofin gidaje su rufe da kansu sun lalace ko an cire su a ƙofofi da yawa, lamarin da ya ba hayaƙi damar cika farfajiya da matakalar bene guda ɗaya tilo da ginin ke da ita. 'Yan kwana-kwana sun kasa karɓe ikon sarrafa lifta da makullinsu na musamman, saboda maɓallin bai yi aiki ba. Lambobin da ke jikin matakalar ba su dace da sabon lissafin hawa-hawan da aka yi bayan kwaskwarima ba, har ma'aikatan ceto suka riƙa ruɗewa a cikin hayaƙi.

An kuma gano cewa mutumin da ake biya ya riƙa tantance haɗarin gobara a ginin yakan kwafo wasu sassa na rahotonsa daga rahotannin wasu gine-ginen.

Wani abin mamakin ma shi ne, a makonnin da suka biyo bayan gobarar, sai da gwamnati ta nemi masu dogayen gine-gine a faɗin Ingila su yanko samfurin fallayen da ke jikin bangonsu su aika a gwada, domin da yawansu ba su da wata takarda da za su dogara da ita wajen sanin abin da aka manna musu.

A watan Afrilun 2022 aka zartar da Dokar Lafiyar Gine-gine, wadda ta wajabta adana wannan zaren zinare a kwamfuta ga gine-ginen zama da tsayinsu ya kai mita 18 ko hawa bakwai. Dokar ba ta ambaci bulokcen ba, ba ta kuma tilasta amfani da wata fasaha takamaimai ba. Abin da ta nema shi ne bayanan su kasance ingantattu, a tsare, kuma masu sauƙin miƙawa daga hannu zuwa hannu.

Masu goyon bayan bulokcen na cewa waɗannan sharuɗɗa kamar don fasaharsu aka rubuta su.

Mene ne bulokcen?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a tuna da littafin adashi.

A al'ada uwar adashi ce ke riƙe da littafi. Idan ta goge wani zubi ko ta ƙara wani, sai dai a yi ta rantse-rantse, domin babu wani littafin da za a gwada da nata.

To a ɗauka kowane mai zubi yana da kwafin littafin, kuma ba a rubuta sabon layi sai an rubuta shi a dukkan kwafin a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa nasa a ɓoye, nan take zai saɓa da na sauran. Wannan shi ne rabin farko na bulokcen.

Rabi na biyu lissafi ne. Akwai wata dabara da kwamfuta ke bi ta tace duk wani rubutu ko hoto, komai girmansa, ta fitar da wani gajeren jerin haruffa da lambobi wanda ke zama tamkar zanen yatsan wannan takarda. A tsarin da ake kira SHA-256, jerin kan ƙunshi alamomi 64. Idan aka sauya ko da ɗigo guda a takardar, zanen yatsan zai sauya gaba ɗaya.

Ana tara bayanai rukuni-rukuni, kuma kowane sabon rukuni yana ɗauke da zanen yatsan wanda ya gabace shi. Ta haka suke sarƙe da juna. Mai son sauya abin da aka rubuta shekaru uku da suka wuce sai ya sake lissafin duk abin da ya biyo baya, a kuma akasarin kwamfutocin da ke riƙe da kundin. Da zarar an shigar da bayani, bakin alƙalami ya bushe. Idan an yi kuskure sai dai a rubuta gyara a ƙasa, tsohon rubutun kuma yana nan kowa na gani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, asalin wannan tunani ba don kuɗi aka yi shi ba.

A shekarar 1991 wasu masu bincike biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka wallafa hanyar tabbatar da ranar da aka rubuta takardar kwamfuta ta yadda ba za a iya mayar da kwanan wata baya ba. Kamfanin da aka kafa a kan wannan dabara, mai suna Surety, ya riƙa buga zanen yatsan kundinsa a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times kowane mako tun daga 1995, domin ya zama shaida a bainar jama'a.

Sai a 2008 ne wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya ɗauki dabarar ya gina Bitcoin a kanta, aka kuma fara amfani da shi a watan Janairun 2009.

Saboda haka masu son amfani da bulokcen wajen adana rahotannin gyaran gini, a zahiri suna mayar da shi ne ga aikinsa na asali.

Akwai bulokcen iri biyu. Akwai na kowa da kowa, kamar Bitcoin da Ethereum, inda duk mai kwamfuta zai iya shiga. Akwai kuma na 'yan ƙungiya, inda sai wanda aka ba izini, kamar tsarin Hyperledger Fabric da ke ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Galibin shawarwarin da suka shafi gine-gine sun fi karkata ga nau'i na biyu, inda mai gini, da kamfanin da ke kula da shi, da kamfanin inshora, da hukumar kashe gobara, da wakilan mazauna za su riƙe kwafi kowannensu.

Yadda zai yi aiki a gini

A ɗauki ƙofar tare wuta guda ɗaya a hawa na goma sha biyu.

Tun daga masana'anta za a manna mata wata lamba da ake karantawa da wayar salula. Kamfanin da ya ƙera ta zai shigar da takardar shaidar gwajinta a kundi, ya sa hannu da makullinsa na sirri na kwamfuta. Wanda ya kafa ta zai ƙara nasa layin, tare da hoto da kwanan wata. Duk lokacin da aka zo duba ta, ko aka sauya mata hannu ko maƙalla, sai a ƙara wani layin.

Ba a cika zuba manyan takardu da hotuna a cikin kundin kansa ba, saboda nauyi da tsada. Ana ajiye su a wani wurin, sai a shigar da zanen yatsansu kawai. Ranar da aka zo bincike, idan wani ya fito da rahoton da ya ce an rubuta shi bara, sai a tace shi a gwada da abin da ke cikin kundi. In ya dace, to shi ne na asali. In bai dace ba, an taɓa shi.

A nan ne fasahar ta fi ƙarfi. Duk wanda ya san yadda ake cike takardun duba kayan aiki ya san al'adar nan ta zama a ofis rana ɗaya a cike layukan wata shida da biro iri ɗaya, saboda an ji masu bincike na tafe. Bulokcen na toshe wannan ƙofa, domin ba mai shigar da bayani ne ke zaɓar kwanan watan shigarwar ba.

Haka kuma kundin ba ya mutuwa da mutuwar kamfani. Lokacin da katafaren kamfanin gine-ginen Birtaniya, Carillion, ya durƙushe a watan Janairun 2018, yana riƙe da kwangilolin kula da asibitoci da makarantu da gidajen yari da gidajen sojoji. A irin wannan hali, idan bayanan gyare-gyare na cikin kwamfutar kamfani guda ne kawai, wanda ya gaje shi kan fara aiki cikin duhu.

Yarjejeniya mai zartar da kanta

Kashi na biyu na wannan tunani shi ne abin da za a iya kira yarjejeniya mai zartar da kanta.

Wani masanin kwamfuta da shari'a Ba'amurke, Nick Szabo, ne ya fito da kalmar a shekarun 1990, kuma misalin da ya bayar shi ne injin sayar da lemo. Ka jefa kuɗi, kwalba ta faɗo. Babu mai shago, babu ciniki, babu a dawo gobe.

Yarjejeniyar ba wata aba ba ce illa ɗan ƙaramin shirin kwamfuta da ke zaune a cikin bulokcen, wanda aka rubuta masa cewa idan kaza ya faru, to a yi kaza. Tunanin bai samu gindin zama ba sai da aka ƙaddamar da Ethereum a watan Yulin 2015.

Dokokin kariya daga gobara da suka fara aiki a Ingila a watan Janairun 2023 sun dace da irin wannan tsari ƙwarai, domin cike suke da wa'adi. A gidajen zama da tsayinsu ya haura mita 11, dole a duba ƙofofin tare wuta na wuraren da jama'a ke bi duk wata uku, a kuma yi iya ƙoƙari a duba ƙofofin shiga gidaje sau ɗaya a shekara. A dogayen benaye dole a duba liftar 'yan kwana-kwana kowane wata, kuma idan aka ga matsalar da ba za a iya gyarawa cikin sa'o'i 24 ba, sai a sanar da hukumar kashe gobara.

Ana iya rubuta shirin da zai riƙa ƙirga waɗannan kwanaki. Idan wata ya cika ba a shigar da rahoton duba lifta ba, shirin zai rubuta hakan a kundi, ya aika saƙo ga mai gini da kamfanin inshora a lokaci guda. Idan aka shigar da rahoton matsala sa'o'i 24 suka wuce ba a shigar da na gyara ba, saƙon zai tafi ga 'yan kwana-kwana ba tare da jiran manajan da ke tsoron a ga gazawarsa ba.

Sai kuma batun kuɗi, wanda watakila shi ne zai fi jan hankalin ƙananan 'yan kwangila.

Carillion ya kasance yana sa masu yi masa aiki su jira har kwanaki 120 kafin a biya su, kuma lokacin da ya faɗi, kimanin kamfanoni 30,000 ne ke bin sa bashin da aka ƙiyasta ya kai fam biliyan 2. A tsarin yarjejeniya mai zartar da kanta, ana ajiye kuɗin aiki a gefe tun farko. Mai gyaran wuta ya kammala aiki ya shigar da hujja, injiniya mai sa ido ya sa hannu, kuɗi su faɗa asusunsa nan take.

Ta fuskar shari'a, Hukumar Nazarin Dokoki ta Ingila da Wales ta bayyana a watan Nuwamban 2021 cewa dokokin kwangila da ake da su sun isa su ɗauki irin wannan yarjejeniya ba tare da an kafa sabuwar doka ba.

Sai dai shirin kwamfuta ba ya san uzuri, ba ya kuma gane niyya. A watan Yunin 2016 wani ya gano ɓaraka a cikin rubutun wata yarjejeniya a Ethereum da ake kira DAO, ya janye kuɗin da darajarsu a lokacin ta kai kusan dala miliyan 50. Shirin bai ga laifi ba, domin abin da aka rubuta masa ya bi. Sai da masu tafiyar da Ethereum suka sake fasalin kundin kafin aka mayar wa mutane kuɗinsu, matakin da ya raba kan jama'arsu gida biyu, ya kuma nuna cewa kundin da ake cewa ba ya goguwa yana iya sauyawa idan masu rinjaye suka amince.

Inda gizo ke saƙar

Babbar tambayar da masu tallata wannan fasaha ba su cika son a yi musu ba ita ce: idan ƙarya aka shigar fa?

Bulokcen na iya tabbatar da wanda ya rubuta abu da lokacin da ya rubuta shi. Ba shi da idon da zai hau bene ya ga ko ƙofar na rufuwa.

Rahoton ƙarshe na kwamitin Grenfell, wanda ya fito ranar 4 ga watan Satumban 2024, ya zargi kamfanonin da suka ƙera fallayen da kayan tare zafi, wato Arconic da Celotex da Kingspan, da rashin gaskiya da gangan. A cewar kwamitin, Celotex ya ɓoye wasu alluna marasa cin wuta a cikin bangon da aka yi gwaji da shi a 2014 domin kayansa su ci jarrabawa. Shi kuma Kingspan ya ci gaba da sayar da wani kaya bisa sakamakon gwajin 2005, alhali ya sauya yadda yake haɗa shi bayan gwajin.

Da a ce an shigar da waɗannan takardun shaida a bulokcen, da sun zauna daram, da hatimi da kwanan wata, kuma da ƙaryar da ke cikinsu ta samu ƙarin kwarjini.

Gobarar rukunin gidajen Wang Fuk da ke Hong Kong a watan Nuwamban 2025, wadda ta hallaka mutane sama da 150, ta sake fito da wannan matsala fili. Ana cikin gyaran gine-ginen ne wutar ta tashi, kuma hukumomi sun ce an yi amfani da ragar kariya da ba ta cika ƙa'idar jure wuta ba, sa'annan aka sanya mai kyau a wuraren da hannun masu dubawa ke iya kaiwa. Mai duban da ya yanki samfur daga ƙasa zai rubuta gaskiyar abin da ya gani, amma rahotonsa ya zama yaudara.

Akwai hanyoyin rage wannan gibi. Ana iya sanya na'urorin da ke auna zafi ko matsin ruwa ko motsin lifta su riƙa aika bayanai kai tsaye zuwa kundi. Ana iya neman hoton da ke ɗauke da wuri da lokaci. Ana iya sharɗanta sa hannun mutane biyu da ba su da alaƙa. To amma na'ura na lalacewa, ana kuma iya ɗauke ta a ajiye inda za ta faɗi abin da ake so.

Abin da za a iya cewa cikin adalci shi ne, fasahar ba ta hana ƙarya, amma tana hana maƙaryaci musanta sa hannunsa daga baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga yadda kamfanoni suka yi ta jefa wa juna laifi a gaban kwamitin Grenfell. Sai dai amfaninsa ya dogara ne ga samun kotu da hukumar da za su hukunta mai sa hannun.

Akwai kuma yanayin da takarda ba ta ɓace ba, ba a kuma yi ƙarya ba, amma aka yi asarar rayuka.

Ranar 24 ga watan Yunin 2021 wani sashe na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta a garin Surfside na jihar Florida, mutane 98 suka mutu. Tun a watan Oktoban 2018 wani injiniya ya rubuta rahoto yana gargaɗin cewa kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya ya lalace matuƙa. Shugabannin ƙungiyar masu gidajen sun ga rahoton. Abin da ya jinkirta aiki shi ne taƙaddama a kan kuɗin gyara, wanda daga bisani ya kai kimanin dala miliyan 15 da za a raba wa masu gidajen.

Babu wani kundi da zai samar da wannan kuɗi. Abin da jihar Florida ta yi a 2022 shi ne kafa dokar da ta tilasta duba lafiyar tsofaffin benayen zama da kuma tara kuɗin gyara a asusu.

Me ya sa bai yaɗu ba?

Duk da ɗimbin maƙaloli da gwaje-gwajen da jami'o'i suka yi, da rahoton da Cibiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Birtaniya ta fitar a kan batun a 2018, akasarin masu kula da gine-gine na amfani ne da rumbun bayanai na yau da kullum.

Abin da ya faru a wasu fannonin ya sanyaya gwiwar masu zuba jari. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin IBM sun ƙaddamar da TradeLens a 2018 domin bin sawun kwantena a duniya, amma a watan Nuwamban 2022 suka sanar da rufe shi, saboda ba a samu haɗin kan masana'antar yadda ake bukata ba. A cikin wannan watan ne kuma kasuwar hannayen jarin Ostireliya ta dakatar da shirinta na komawa kan bulokcen bayan shekaru ana aiki, ta yi asarar kusan dalar Ostireliya miliyan 250.

Darasin TradeLens ya shafi gini kai tsaye. Kundin haɗin gwiwa ba shi da amfani sai kowa ya shiga, kuma aikin gyaran gini na hannun dubban ƙananan kamfanoni ne, wasu mutum ɗaya da motarsa. Wanda ke cin riba daga duhun da ake ciki ba zai yi gaggawar shiga haske ba.

Ƙorafin da ake yi na cin wutar lantarki ya ragu, domin tun da Ethereum ya sauya tsarinsa a watan Satumban 2022 wutar da yake ci ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, kuma kundin 'yan ƙungiya dama ba ya bukatar irin wutar da Bitcoin ke sha.

Amma akwai batun sirri. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa a wasu yanayi, abin da ya yi hannun riga da kundin da aka gina shi don kada a goge komai. Kundin gini kuwa zai iya nuna wane gida ne ke da mai larura, da ranar da aka shiga gidan wane.

Sai kuma tsawon rai. An kammala benen Grenfell a 1974, wato ya shekara 43 kafin gobarar. Bitcoin, wanda shi ne dattijo a wannan fage, a 2009 aka haife shi. Kafin a damƙa tarihin gini ga wani tsari, dole a san wanda zai ci gaba da biyan kuɗin kwamfutocin da ke riƙe da shi bayan shekaru hamsin, da abin da zai faru idan makullin sirrin wani injiniya ya ɓace ko aka sace shi.

Wannan ya sa wasu masana ke ganin hanya mafi dacewa ita ce tsaka-tsaki, irin wadda ƙasar Jojiya ta bi tun daga 2016 da rajistar filayenta, inda hukuma ke riƙe da bayanan kamar yadda aka saba, amma ake manna zanen yatsansu a bulokcen domin kada wani jami'i ya sauya su a asirce.

Najeriya fa?

A kan takarda, Najeriya na da ɓangarorin biyu na wannan batu.

A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11, wanda ya umarci ma'aikatu da hukumomin tarayya su kafa sassan kula da gyaran gine-ginensu. A watan Mayun 2023 kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami na ministan sadarwa.

Matsalar ruftawar gine-gine kuwa ba baƙuwa ba ce. Benen mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rufta ranar 1 ga watan Nuwamban 2021, mutane fiye da 40 suka mutu. Bayan ruftawar ne wata wasiƙa ta bayyana, wadda ta nuna cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido a kan aikin ya janye hannunsa tun a watan Fabrairun 2020. Da akwai kundin da hukumar kula da gine-gine da kamfanin inshora da masu sayen gidajen ke gani tare, irin wannan wasiƙa ce za ta fara kaɗa ƙararrawa.

A garin Jos kuma, ginin makarantar Saint Academy ya rufta kan ɗalibai ranar 12 ga watan Yulin 2024, inda mutane 22 suka rasu.

Sai dai kafin a kai ga maganar sarƙa bayanai, sai an samu bayanan da za a sarƙa. Matakan farko da Ingila ta ɗauka ba su da alaƙa da wata sabuwar fasaha. Ta wajabta yi wa kowane dogon benen zama rajista kafin ranar 1 ga watan Oktoban 2023, ta kuma tilasta a bayyana sunan mutum ko kamfanin da doka za ta kama idan aka yi sakaci da lafiyar ginin, tare da mayar da barin mutane su zauna a benen da ba a yi wa rajista ba laifin da ake gurfanar da mutum a kansa.